Karan Da Fari Ya Kama Da Saniya Mai Ciki

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai nuna ba, manomi ya kan dubi gonarsa ya ce, to, in an rasa tsaba ai ba a rasa kara ba, dabbobi sa ci. Sai ya yanke, ya ɗaure dami-dami, ya jibga bisa rumfa, ya jira rani. In ba shi da dabba ya kai kasuwa, gama cikin irin wannan shekara kara ya kan yi kuɗi ƙwarai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, karan da aka zuba wa taki sa'an nan fari ya tsai da shi, ya kan ɓoye wani gishiri a cikinsa wanda ke iya kashe ƙosasshen sa cikin yini guda. Saniya mai ciki kuwa ba sai ta ci da yawa ba. Abin da bai isa ya ka da ita ba ya isa ya kashe ɗan da ke cikinta. Ta yi kwana uku ko mako guda tana kiwonta lafiya lau, sa'an nan ta yi ɓari. Mai ita ya ce sammu ne, ko kuwa makiyayi ne ya doke ta, ba wanda zai tuna da karan da aka zuba mata cikin makon da ya wuce.

Asarar ba ƙarama ba ce. Saniya ta kan ɗauki ciki wata tara da 'yan kwanaki, shanun ƙasar nan kuwa galibi ba kowace shekara su ke haihuwa ba. Wanda saniyarsa ta zubad da ciki a wata na bakwai ya rasa maraƙi, ya rasa nono, zai kuma jira shekara guda ko fiye kafin ya sake sa rai. Daɗin daɗawa, saniyar da ta ɗauki ciki tsakiyar damina, cikin Yuli ko Agusta, cikinta zai yi nauyi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, daidai lokacin da daji ya ƙone, ba abin da ya rage sai abin da aka tara bisa rumfa.

Asalin gishirin

Masana suna kiran wannan gishiri naitaret. A nan sai a kira shi gishirin taki, don daga taki ya ke fitowa. Ba baƙon abu ba ne, shi ne abincin kowace shuka. Kashin shanu, da juji, da yuriya, da takin nan na NPK, duk in sun shiga ƙasa mai laima ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa su kan mai da wani kashi nasu wannan gishiri. Saiwa ta tsotse shi tare da ruwa, ya hau ta cikin kara ya je ga ganye, can kuwa, da taimakon hasken rana, shuka ta mai da shi jikinta da tsabarta. Muddin shuka tana girma yadda ya kamata, abin da ya shigo yau an ci shi yau, ba ya taruwa.

Taruwa ta kan zo sa'ad da saiwa ke tsotsa amma ganye ya daina aiki. Fari shi ne babban dalili. Ganye ya naɗe, girma ya tsaya, amma ƙasa ba ta bushe ƙurmus ba, saiwa tana ɗan ja, gishirin ya yi ta cunkushewa cikin kara ba mai karɓa. Kwanakin hadari da lumshi, waɗanda rana ba ta fitowa sosai, su ma su kan jawo haka kaɗan. Maganin kashe ciyawa irin 2,4-D ya kan sa ciyayin da bai ƙarasa kashewa ba su tara shi. Lokacin da ya fi kowane hatsari kuwa shi ne kwanakin farko bayan ruwa ya dawo. Ƙasa ta jiƙa, takin da ya daɗe a kwance ya narke, saiwa ta kwashe shi da gaggawa tun ganye bai farfaɗo ba. Mutum ya ga gona ta yi shar, ya ce an tsira, ya yanko karmami ya kai wa shanu, alhali ran nan ne gishirin ya fi yawa. Sai an yi mako guda ko kwana goma ana rana, shuka tana girma, kafin ya sauka.

Ba kowace gona ce ke da wannan hatsari ba, kada kuma wani ya karanta wannan ya ƙi taki. Yawancin gonakin tudu na ƙasar nan yunwar taki su ke yi, karansu ba ya tara kome. Dawar da ta sami ruwa ta fid da kai ta nuna, ta riga ta kwashe gishirin ta kai shi cikin tsaba ta mai da shi abinci, karanta lafiyayye ne. Waɗanda za a yi wa zato su ne gonar da aka zuba wa yuriya da yawa sa'an nan ruwa ya yanke, da gonar da shanu suka daɗe suna kwana a cikinta, da gayaunar bayan gida inda a ke zubad da shara da kashin dabbobi, da kufai, da masarar noman rani wadda aka ƙosad da ita da buhu-buhun taki sa'an nan injin ban ruwa ya lalace ko rafi ya ƙafe. Dawa, da gero, da maiwa, da masara, duk suna tarawa. Cikin ciyayi kuwa alayyafo da zaki-banza, waɗanda ke son bakin juji da tsohon mashekari, sun yi suna wajen tara shi.

Wani abu kuma mai amfani ga mai dabba shi ne, gishirin ba ya bazuwa daidai cikin shuka. Ya fi taruwa a gindin kara, watau kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. Tsakiya da sauƙi, sama ya fi sauƙi, ganye kaɗan ne, tsaba kuwa kusan babu.

Ba shi ne dafin gyauro ba

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa da ƙaramar dawa suna kashe shanu, sun kuma san in an yanke ta ta bushe sarai dafin ya kan tafi. Wannan sani gaskiya ne, amma shi ne ke ruɗin mutane a nan, don abu biyu ne dabam. Dafin gyauro dangin na rogo mai ɗaci ne. Ya fi yawa cikin sabon ganye, yana kashewa nan da nan, wani lokaci tun dabba ba ta fita daga gonar ba, jininta kuwa ja wur. In ganyen ya bushe, mafi yawan dafin ya kan bi iska. Gishirin taki ba ya bin iska. Kamar gishirin miya ya ke, in ruwa ya ƙafe shi yana nan. Karan da aka yanke cikin Oktoba da gishirinsa, in aka sauke shi daga rumfa cikin Maris da gishirinsa za a sauke shi. Har wa yau gero da maiwa da masara ba a jin tsoronsu wajen dafin gyauro, saboda haka mutane su kan sake jiki da su, ga shi kuwa gero yana cikin waɗanda suka fi tara gishirin taki in fari ya kama shi.

Inda aka fi bin diddigin wannan al'amari shi ne Amurka, cikin jihohin tsakiya masu ƙarancin ruwa, inda a ke kiwon shanu dubbai domin nama kaɗai. Can shanu da yawa su kan haihu daga Fabrairu zuwa Afrilu, watau suna cin busasshiyar ciyawa cikin hunturu da tsohon ciki, kamar yadda na nan ke cin kara da rani. A 1895 wani likitan dabbobi mai suna N. S. Mayo, na gonar gwaji ta jihar Kansas, ya bincika shanun da suka mutu bayan sun ci karan masara. Ya tarad da karan cike da irin gishirin nan da a ke haɗa albarushi da shi, har in an ƙyasta wa guntun karan ashana sai ya ci da sauri yana tartsatsi. A 1939 da 1940 kuma masu bincike na jihar Wayomin suka tabbatad da cewa gishirin nan ne ke kashe shanun da suka ci busasshiyar ciyawar wani hatsi dangin alkama da a ke kira ot, suka kuma nuna maganin da a ke amfani da shi har yanzu. Da aka yi babban fari a ƙasar a 2012, gonakin masara da yawa ba su yi tsaba ba aka yanke su don dabbobi, babban gargaɗin da malaman gona suka yi ta yi shi ne a auna karan tukuna.

Abin da ke faruwa cikin cikin saniya kuwa ga shi. Tumbin saniya cike ya ke da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkad da ciyawa. In gishirin taki ya shigo, su kan sarrafa shi hawa biyu. Da fari su mai da shi wani abu da a ke kira naitarait, sa'an nan su mai da naitarait ɗin abin da jiki ke amfani da shi. Aikin farko sauri gare shi, na biyu kuwa nawa. Kamar gidan biki ne inda masu surfe goma ne, mai niƙa ɗaya. In hatsi kaɗan-kaɗan ke zuwa ba a ganin kome, amma in aka juye buhu gaba ɗaya sai surfaffe ya taru jingim a tsakani. Abin da ke taruwa a tsakanin nan, watau naitarait, shi ne dafin, ƙarfinsa kuwa ya yi wajen ninki goma na gishirin da ya fito daga gare shi. Ya ratsa bangon tumbi ya shiga jini.

Jini shi ne ɗan dakon iska. Ya ɗauko ta daga huhu ya rarraba wa gaɓoɓi. In dafin nan ya taɓa jan sinadarin jini, sai ya kasa ɗaukar iska, launinsa kuma ya juya ya koma kamar ruwan makuba. Saniya tana numfashi, huhunta lafiya, amma iskar ba ta isa inda a ke bukatarta, kamar an shaƙe ta daga ciki. In wajen kashi 30 ko 40 cikin ɗari na jinin ya lalace haka, alamu su kan bayyana. In ya kai kashi 70 ko 80, mutuwa ce. In bai kai nan ba, jiki ya kan gyara jinin da kansa cikin yini ɗaya ko biyu, saniya ta miƙe kamar ba abin da ya same ta.

To, ɗan da ke ciki fa? Shi ba ya numfashi, duk iskar da ya ke samu daga jinin uwa ta ke zuwa ta hanyar mabiyiya. Ko da lafiya ma rabonsa kaɗan ne, cikin wata uku na ƙarshe kuwa ya girma, bukatarsa ta yi yawa. 'Yan sa'o'in nan da jinin uwa ya yi rauni, ita ta jure, shi ba ya jurewa. Ya mutu a ciki, amma ba ran nan zai fito ba, sai bayan kwana uku zuwa bakwai, wani lokaci har mako biyu. Wani kuma a haife shi da rai amma raunana, ya kasa tsayawa ya kama nono. Wannan jinkiri shi ya sa ba safai a ke gane mai laifin ba.

Yadda za a ci moriyar karan

Shekarar fari ba wanda zai iya ƙone kara don zato. Ba a kuma ce a ƙone ba. Tun da ya ke dafin daga cunkoso ya ke fitowa, dabarar duka ita ce a hana gishiri mai yawa shiga tumbi a lokaci guda.

A fara tun daga gona. In za a yanke hatsin da fari ya kama, kada a yanke cikin kwanakin farko bayan ruwa ya dawo, a dakata mako guda ko fiye. A yanke da rana tsaka ko da la'asar ta ranar da aka yi rana sosai, ya fi a yanke da sassafe. A ɗaga lauje, a bar taƙi ɗaya ko biyu na gindi a ƙasa. An rage yawan dami, gaskiya ne, amma abin da aka bari shi ne mafi muni, shi ne kuma wanda dabba ba ta ƙaruwa da shi. In an riga an yanke har ƙasa, a datse gindayen kafin a zuba wa shanu. Ba su zama banza ba, a yi darni da su ko a hura wuta. Karan gonar da a ke zato kuma a tara shi dabam, kada a cuɗe shi da na gonar da ta nuna, don in an cuɗe ba mai iya rabewa cikin Maris.

Saniya da kanta, in ta sami zaɓi, ganye ta ke fara ci, sa'an nan saman kara, ta bar gindi. Mutum ne ke tilasta mata. Mai dabba ya zo ya ga gindaye a warwatse, ya ce ba zai ƙara wani dami ba sai ta cinye wannan, yana ganin tattali ya ke yi. Ga saniya mai ciki wannan tattali mai tsada ne. A kwashe ragowar a zuba sabo. Haka nan in gonar aka sake su ciki, a fid da su tun ba su kai ga gindaye ba. Injin yankan kara ko na niƙa shi, wanda ya yawaita yanzu wurin masu kiwon turke, abu ne mai kyau don ba ya barin asara, amma ya ɗauke wa dabba zaɓin nan nata, tun da gindi da ganye sun zama gari ɗaya. Wanda zai kai irin wannan kara inji, lalle ya datse gindin tukuna.

Sai gauraya. Harawar wake da ta gyaɗa, da busasshiyar gamba, da kyasuwa, da karan gonar da ta nuna sosai, galibi gishirinsu kaɗan ne. A fara ba saniya waɗannan da safe, ta cika tumbi, sa'an nan a kawo wanda a ke zato. Saniyar da ta kwana da yunwa, ko ta dawo daga doguwar tafiya, ko aka sauke ta daga mota, ita ce ta fi shiga hatsari, don za ta hau karan da haɗama ta cinye cikin rabin sa'a abin da ya kamata ta ci cikin yini. Fatake masu sauke shanu a kara su sayi dami a bakin hanya su jefa musu, su lura da wannan. Abin da za a ba ta sau ɗaya, gara a raba shi uku ko huɗu cikin yini.

Dusa da tsaba suna taimako ƙwarai. Mai niƙan nan da aka yi misali da ita, ƙarfi ta ke bukata, ƙwayoyin tumbi kuwa daga garin hatsi su ke samun ƙarfin ƙarasa aikinsu na biyu. Kilo ɗaya ko biyu na dusar masara ko ta dawa kowace rana, a ba ta kafin kara, ya kan rage taruwar dafin, ga shi kuwa mai tsohon ciki dama tana bukatarsa. Amma yuriya, wadda waɗansu ke jiƙa kara da ita ko su ba da ita cikin dunƙulen lasa, a dakatad da ita muddin ana ba da irin wannan kara.

Tumbi kuma ya kan saba. In aka fara da kaɗan ana ƙarawa sannu-sannu cikin mako guda ko biyu, ƙwayoyin da ke aikin nan na biyu su kan yawaita, dabba ta iya cin abin da da zai ka da ita. Sai dai sabon ba ya daɗewa, in an yi 'yan kwanaki ba a ba ta ba sai a sake farawa daga kaɗan. Wannan dabara kuwa ta fi dacewa da bijimai da shanun noma da shanun da ba su da ciki. Wanda ke da dabbobi iri-iri, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ware masu ciki, ya ba su harawa da lafiyayyen kara, ya bar wanda a ke zato ga sauran, su ma da gauraya. Ma'aikacin da ke birni ya bar saniyarsa ƙauye hannun wani, in ya aika da kuɗin abinci ya kamata ya aika da wannan magana tare.

Ruwa ya kan ƙara ɓata irin wannan kara. In ruwan farko ya doki tarin, ko aka yayyafa masa ruwa aka bar shi ya kwana don ya yi laushi, ƙwayoyin halitta na jikinsa su kan fara mai da gishirin dafi tun bai shiga bakin dabba ba. Jiƙaƙƙen kara mai ɗumi a tsakiya ba na mai ciki ba ne. Abin da ke rage gishirin da gaske shi ne binne ɗanyen kara. A yayyanka shi, a danne cikin rami ko babbar leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako uku ko fiye ya yi tsami. Wannan ya kan rage kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi. Amma kada kowa ya sa kansa cikin ramin a kwanakin farko, gama wani hayaƙi mai ruwan ƙasa ya kan tashi daga irin wannan kara, yana ƙone huhu.

A tuna kuma da ruwan sha, don abin da ke cikinsa a kan na kara ya ke hawa. Rijiyar da ke gangaren turke ko juji, da kududdufin da ruwan gonar taki ke malalowa ciki, da durom ko bokitin da aka dama taki a ciki, duk hanyoyi ne. Buhun taki kuwa a ɓoye shi, shanu suna lasarsa kamar kanwa.

Ido ba ya gane karan da ke da gishiri. Wanda ya yi kore shar ya tsaya gajere ba kai, a yi masa zato, amma tabbaci sai awo. Akwai wani ruwan magani da malaman gona ke ɗigawa bisa totuwar karan da aka tsaga, in ya juya shuɗi mai duhu nan take, gishirin yana da yawa. Wannan gwaji ishara ce kawai, kuma ruwan yana ƙuna, ba na ajiyewa a gida ba ne. Awo na sosai sai ɗakin bincike. Mai shanu da yawa, ko ɗan kasuwar da zai sayi kara mota guda, ya tambayi ofishin dabbobi na yankinsa inda za a kai. A ɗebo daga dami da yawa, sama da ƙasa, don dami biyu na gona ɗaya su kan bambanta.

In takardar awo ta dawo, ga yadda a ke karanta ta. Ma'aikatun bincike sun ɗan saɓa a kan iyakar, amma galibi in gishirin bai kai giram 4 ko 5 cikin kilo ɗaya na busasshen abinci ba, kowace dabba ta ci. Daga giram 5 zuwa 10, kada ya wuce rabin abincin mai ciki. In ya haura giram 10, watau kashi 1 cikin ɗari, kada a ba mai ciki ko kaɗan, don ko sa yana iya kashewa. Misali, saniya mai nauyin kilo 300 ta kan ci wajen kilo 7 na busasshen abinci a yini. In karan yana da giram 8 a kilo, ta ci shi zalla, ta haɗiye giram 56. In aka ba ta kilo 3 na karan da kilo 4 na harawa mai giram 1, jimla giram 28 ke nan, watau giram 4 a kilo, an sauko cikin iyaka. Akawun da zai karanta wa mai shanu takardar ya lura da abu biyu. Waɗansu wurare da kashi cikin miliyan su ke rubutawa, 10,000 shi ne giram 10 a kilo. Waɗansu kuma nauyin naitirojin da ke cikin gishirin kaɗai su ke rubutawa, sai an ninka adadinsu sau 4.4 kafin a gwada shi da waɗannan. Wanda ya ga 2,500 ya ce da sauƙi, alhali irin wannan lissafi ne, abin da ke hannunsa 11,000 ne.

In abin ya riga ya faru, alamu su kan fito cikin sa'a ɗaya zuwa huɗu bayan ci. Dabba ta yi ta haki, jiki na rawa, tana tangaɗi, tana yawan fitsari. A buɗe leɓe a duba dasashi, a duba cikin fatar ido, ga saniya kuma a duba cikin al'aurarta. Maimakon ja-ja sai a ga sun yi toka-toka ko ruwan ƙasa. Nan da nan a kwashe karan daga gaban dukan garken, a kawo harawa. Kada a kore su da gudu, kada a ja mai ciwon zuwa gida, gama jinin da ya rage mata bai isa tafiya ba, da yawa a kan hanya su ke faɗuwa. Kada a yi mata ɗuri da mai ko jiƙon kanwa, dabbar da ke haki ɗuri huhunta ya ke tafiya. A aika a kira likitan dabbobi, a gaya masa abin da ta ci don ya zo da maganin. Sunansa shuɗin metilin, cikin jijiya a ke yin allurarsa, in an yi da wuri dabbar da ke kwance ta kan miƙe cikin ɗan lokaci. Kamarsa ɗaya da bular wanki a ido, amma ba ita ba ce, kada wani ya gwada. Bayan allura a tambayi likita yaushe za a iya shan nonon ko a yanka dabbar.

In an kai ga yanka, a dubi jinin nan take, don launin makubar nan ya kan gushe bayan 'yan sa'o'i. Amma wadda aka tarad da ita matacciya, kada a feɗe ta don neman sani. Ciwon saifa ma haka ya ke kashewa farat ɗaya da baƙin jini, yana kuma kama mutum, sai likita ya duba tukuna.

Haka kuma ba kowane ɓari ne na kara ba. Bakkale ya fi shi yawa cikin garkunan ƙasar nan, shi ma a watannin ƙarshe ya ke zubad da ciki, yana kuma kama mai taɓa ɗan ko mabiyiya, da mai shan ɗanyen nono. Saboda haka kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara, a sa leda, a hana karnuka. A kai wa likita ɗan tun bai ruɓa ba, gama daga ruwan idonsa a kan iya auna gishirin, daga jinin uwar kuma a auna bakkale. In shanu biyu ko uku suka yi ɓari cikin mako ɗaya bayan an buɗe sabon tarin kara, a janye tarin daga gaban sauran masu ciki tun amsa ba ta dawo ba. Ita kuwa wadda ta yi ɓarin a ware ta, a lura ko mabiyiya ta faɗi. In ta kwana ta yini ba ta faɗi ba, kada a ja ta da ƙarfi, a gaya wa likita.